Jan Maɓallin Jirgin Sadik

Unguwar Alsawra, Omdurman. Ƙarfe biyar da kwata na asuba na fita, ko shayi ban sha ba. Kwana shida ke nan jami'an tsaro na riƙe da Usta Bashir, maigidana a gyaran jiragen feshin gona, wai shi ya ɓata saitin kafireta har jirgin matuƙinmu Sadik ya faɗi da shi, ya rasu. Na rantse wa matarsa zan je in ga injin da idona.

Gadar Omdurman. Ƙarfe shida soja ya tsayar da motarmu. Ya zazzage jakata, ya ɗaga sifana kamar ya kama bindiga.

"Ina za ka, ya zol?" Wato "kai mutum" a Larabcin nan.

"Jabal Awliya, ranka ya daɗe."

Minti arba'in muna tsaye. Layin mai kuwa tun daga bakin gada har cikin Khartoum.

Jabal Awliya. Kilomita arba'in da wani abu a bayan akori-kura, na isa goma saura. Mai gadin filin jiragen feshin, Baba Idrisu, tsoho ne ɗan Hausawan Jazira. Ya ba ni wake da burodi, na ajiye gefe ban ci ba.

"Ci mana, ɗana. Mamaci ba ya dawowa don ka ƙi abinci."

Ya kai ni rumfar da aka tara tarkacen. Kafireta lafiya lau, wayar kulle da ke hana saiti motsi tana nan da murɗin hannun Usta. Na ji daɗi, amma ban daɗe ina ji ba.

Akwai wani jan maɓalli gaban matuƙi. In an tura shi ciki, inji ya sha mai sosai. In an jawo shi, mai ya ragu, iska ta yi yawa. A can sama wannan daidai ne. A ƙasa-ƙasa, da cikakken wuta da tanki cike da maganin feshi, inji zafi yake yi ya ƙone. Na Sadik a jawe yake. Na kwance fulogai, duk sun yi fari fat, fistin ɗaya ya huje.

Sai na tuna. Wata biyu baya Sadik ya yi mini kukan man da ake tsakura masa ba ya gama gona. Ni, sarkin iyawa, na ce, "Ɗan jawo jan nan, zai kai ka." Ban ce masa ban da lokacin feshi ba.

Khartoum. Ƙarfe uku na kai wa hafsan da ke riƙe da Usta bayani a rubuce. Ya karanta, ya dube ni.

"Wa ya koya masa haka?"

"Allahu a'alam," na ce. Kunya ta rufe ni.

Ya ce a saki Usta gobe.

Gida. Da magariba na sauka Alsawra, na gode Allah da ya maido ni. Mahaifin Sadik na zaune a ƙofar gidansa, hanya ɗaya ce dole in bi. Ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Kullum Sadik yana cewa duk abin da ya sani na inji, kai ka koya masa."