Ƙwayar Da Na Niƙa Wa 'Yar Ƙanwata A Kunu

Assalamu alaikum Edita, tare da masu karatu. Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na yarda a rubuta ta, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba. A lokacin da abin ya faru ina da shekara hamsin da 'yan kai, mijina ya rasu, Allah bai ba ni haihuwa ba, ina zaune a gidan ƙanwata a unguwar Safa a Jidda. Mu Hausawan Sudan ne. Aure ne ya kawo ni unguwar Sharafiyya a nan Jidda, ita kuma ƙanwata ta auri wani Bahaushe ɗan ƙasar nan da ke aiki a tashar jiragen ruwa. Duk wanda ya san ni ya san jakata ba ta rabuwa da magani. Ciwon kai, ciwon gwiwa, mura, kumburin ciki, kafin mace ta gama faɗa na zaro mata ƙwaya. Ban taɓa zama a ajin likitanci ba, amma matan Sharafiyya daktora suke ce min, ni kuwa in amsa har da gyara zama.

'Yar farin ƙanwata ni na yi mata wankan farko, ni na goya ta. Khala take ce min, wato inna da Larabci, irin na yaran nan, Hausa kuwa tana jin ta sarai, sai dai in za ta mayar rabi Larabci ne. Ta gama jami'a, ta kama aikin ofis, sai rana guda ta ce mana ta shiga nadi, wato kulob, na harbi da ƙaramar bindiga. Ni ce na fara tayar da jijiyar wuya. Na ce duk sana'o'in duniya da wasanninta a rasa na yi sai bindiga, wa zai zo neman auren mace mai iya saiti? Ta yi dariya kawai, ta ce in bi ta sau ɗaya in gani da idona.

Na bi ta da niyyar samo abin kushewa, na dawo bakina a mace. Wurin tsit yake, ko tari za ki yi sai kin ji kunya. Mata ne a jere, kowacce ta tsaya a karkace, hannu ɗaya a aljihu, ɗaya a miƙe da bindiga, an rufe mata ido ɗaya da wani ɗan marfi a jikin tabarau. Bindigar ta iska ce, ƙararta ba ta fi ta karya tsinke ba. Takardar da ake harbi tana nesa mita goma, tsakiyarta da ake nema bai wuce ƙwayar wake ba, kuma sau sittin mace za ta neme shi. Da yake ni ba na iya kama bakina, sai da na bi su da tambayar me suke samu a ciki. Wata likitar haƙori mai 'ya'ya uku, wadda ta fi su duka iyawa, ta ce nan ne kaɗai wurin da babu mai kiran sunanta. 'Yar tawa kuwa ta ce takarda ba ta san 'yar wane ce ke ba, ba ta duba launin fatarki, ba ta yi miki kara. Inda kika harba nan za ta nuna.

Daga ranar na fara lura da yadda take rayuwa, na ga ashe abin da ake yi a nadi kaɗan ne. Da ta idar da sallar asuba za ta tsaya a gaban bangon ɗakinta inda ta ɗiga baƙin tawada, ta miƙa hannu da gorar ruwa cike da yashi, ta tsaya har gumi ya keto mata, ta sauke, ta sake. Ta bar gahawa, a gidan da ba a gaisawa sai da gahawa, don wai tana sa hannu rawa. Barcinta da ƙa'ida, cin abincinta da ƙa'ida. Akwai agogo a hannunta mai auna bugun zuciya, da ɗan littafi da take rubuta komai kullum: yadda ta kwana, abin da ta ci, abin da ya zo mata a rai lokacin da harbi ya karkace. Ko maganin tari ba ta sha sai ta tambayi likitan ƙungiyarsu, ni kuwa in ce wannan ai ƙaƙale ne. Abin da ya fi burge ni shi ne wata ɗabi'a da mai horar da su, wadda suke kira Kabtin, ta dasa musu. In mace ta ɗaga bindiga ta ji numfashinta ko yatsanta bai zauna ba, ba za ta danna kunama ba, sai ta sauke ta faro daga farko, ko da kowa na jiranta. Shekara huɗu ina kallon wannan naci, har na koma ni ce mai yi mata kunun gyaɗa kowace safiya, ni ce mai tare baƙi kada su dame ta.

Matsalarta ɗaya ce. A horo babu mai kama ƙafarta sai likitar haƙorin nan, amma ranar gasa zuciyarta kan tashi. Ta taɓa gaya min har a kunnenta take jin bugun, kan bindigar kuma yana rawa tare da shi. To sai ga gasar da za a tantance matan da za su wakilci ƙasa a waje ta matso, abin da ta yi shekara huɗun nan tana jira. Saura 'yan kwanaki na miƙa mata kofi, na ga hannunta yana karkarwa, tausayi ya kama ni. Ni kuma akwai wata 'yar ƙwaya da likita ya ɗora ni a kai saboda hawan jini da bugun zuciya. In na sha ta, zuciyata kwanciya take yi lamo. Na ce a raina ga magani a jakata, ga yarinya na wahala, me ake jira? Na san in na ba ta a hannu ba za ta karɓa ba. Wannan sanin shi ne laifina mafi girma, don ba zan ce ban san ba ta so ba. Na raba ƙwayar biyu, na niƙa rabin tsakanin cokali biyu, na zuba mata a kunu. Safiya uku a jere na yi haka.

Ranar farko ta dawo daga horo tana murna, ta ce hannunta bai taɓa tsayawa haka ba. Na juya baya ina murmushi ni kaɗai. Rana ta biyu ta dawo ta wuce ɗakinta kai tsaye. Rana ta uku, ana gobe gasa, ta shanye kunun ta tafi ɗaki, can sai ga ta a kicin da littafinta a hannu. Ta ce bugun zuciyarta ya sauka ƙasa da duk abin da ta taɓa rubutawa, yatsunta sanyi suke yi, jiya kuma jiri ya ɗebe ta a matakala. Ta ce ta duba komai, babu abin da ta canza, ko ni na canza wani abu a kunun? Wallahi da alfahari na gaya mata. Har kwalin na ɗauko ina nuna mata, ina jiran godiya.

Ta karanta sunan maganin, ta zauna a kan kujera a hankali. Ta yi min bayani cewa irin wannan ƙwayar tana cikin abubuwan da aka haramta wa masu harbi, daidai saboda abin da na ba ta don shi, wato tana kwantar da zuciya ta tsayar da hannu. Duk wadda aka samu da ita a jiki, an ɗauke ta mai maguɗi ce.

"Khala, kwana kam?" ta tambaye ni, wato kwana nawa.

Na ce uku.

"Halas, shi ke nan. Gobe ba zan yi harbi ba."

Nan na rikice. Na kama hannunta ina roƙo. Na ce daga ni sai ita sai Allah muka sani, ba kowa ake gwadawa ba, ita kuma ba da saninta ta sha ba, don me za ta zubar da wahalar shekara huɗu saboda wautar tsohuwa? Ta bar ni na gama, sannan ta ce:

"Ko ba su gwada ni ba, ya Khala, hudar da za ta fito a takardar ba tawa ba ce, ta ƙwayarki ce. Kuma wadda zan ture, ita ma shekara huɗu take tsaye a gaban bango."

A gabana ta kira Kabtin ta gaya mata komai. Daga baya aka kira mu gaban masu kula da gasar, na tafi da kwalina a jaka, na faɗa da bakina abin da na yi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Likitan ƙungiyar ya ce min in bar ma maganar gasa, yarinya mai lafiya da zuciyarta ke bugawa a hankali saboda horo, da na ƙara mata kwanaki ko na ba ta guda cikakkiya, da wata maganar ake yi. Sun yarda ba da saninta ba ne, amma doka ta ce abin da ke jikin 'yar wasa alhakinta ne, don haka aka dakatar da ita na wani lokaci. Waɗanda aka zaɓa suka tafi babu ita. Ƙanwata ta yi mako ba ta dube ni ba. Mijinta bai ce min komai ba, gaisuwa kawai, ni kuwa da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ita fa ko sau ɗaya ba ta ɗaga min murya ba. Ranar gasar ma sai da ta sa abayarta ta je ta zauna cikin 'yan kallo, ta rungume waɗanda suka ci, har da wadda ta samu gurbin da kowa ke ganin nata ne. Na san ta yi kuka, don na ga idonta da ta dawo. Amma washegari bayan asuba na wuce ta ƙofar ɗakinta, na hango ta a gaban bango da gorarta ta yashi, kamar babu abin da ya faru. Na tsaya a wurin hawaye na zubo min. Abu ɗaya ne ya canza: ta daina karɓar komai daga hannuna. Ba ta faɗa ba, ba ta yi fushi ba. Ruwa sai na gora mai hatimi, kunu kuwa da kanta take damawa, duk gudaji, ta shanye abinta. Kullum da safe ina zaune a kicin ina kallonta, hannuna na ƙaiƙayin in karɓi ludayin. Wannan ya fi min komai ciwo, kuma na san ni na saya.

Kusan shekara muka yi a haka, har wata gasar tantancewa ta zagayo. Da safen ranar na fito na same ta tsaye da kwanon gyaɗa a hannu. Ta miƙo min ta ce:

"Khala, nawa ba ya daɗi. Yalla, dama min."

Ba ta tsaya ta ga abin da zan zuba ba, ta tafi ɗaure takalminta. Ni mai damun kunu tun ina yarinya, ranar sai da na zubar da rabi a kan murhu. Ta dawo ta karɓa, ta yi bismillah, ta shanye. A wurin gasar ina zaune a baya ina ganin kan bindigarta yana rawa. A wani harbin sau uku tana ɗagawa tana saukewa kafin ta danna. Gurbi na ƙarshe ta samu cikin waɗanda aka ɗauka, da kyar, da hannunta mai karkarwa.

Abin da na koya shi ne na raina yarinyar nan alhali ina ganin sonta nake yi. Na ɗauka rawar hannunta ciwo ce da za a kashe da ƙwaya, ashe ita ce abin da matan nan suke tashi kullum su yi kokawa da shi, kuma cin nasara a kansa da kansu shi ne duk daɗin abin. Ni da nake cewa wa zai auri mai iya saiti, yau in aka tambaye ni mace mai gaskiya da kamun kai, ita zan fara nunawa, sai abokan harbinta. Ina kira ga 'yan'uwana mata, musamman irina masu jaka cike da magani: abin da likita ya rubuta miki naki ne ke kaɗai, kada ki miƙa wa kowa. Kuma duk taimakon da kika ga sai kin ɓoye kafin ki yi shi, to ki tsaya, don kin riga kin san mai shi ba ya so. Na zazzage jakata tuni, in an ce daktora ba na waiwayawa. Kwalin ƙwayata ma ni na roƙe ta ta ajiye min a ɗakinta. Kullum da safe ta miƙo min guda ɗaya, ni kuma in miƙa mata kofin kununta.