Farin Yadi a Shagon Kawu

Shekarar da na gama difloma a fannin kasuwanci, Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya ce in zo in riƙa zama a shagonsa na yadi da ke kusa da Ƙofar Marke. Na zo da shirina. Na haddace sunan kowace shadda da ƙasar da aka saƙo ta, na san wadda ke zuba a wanki da wadda ke ƙara sheƙi in ta sha bugu. A makaranta an koya mana cewa wanda ya zo sayen ƙaramin abu, ba a barinsa ya fita da shi kaɗai. Na riƙe wannan kamar karatun allo.

Wata Laraba da hantsi, Kawu ya fita, sai ga wani dattijo ya shigo. Rigarsa wankakkiya ce amma ta ji jiki. Ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ɗana, hwarin yadi nika so."

Na ce, "Baba, ai ka zo gidan fari."

Na sauko da fararen shaddoji na baje masa, ina ta zuba bayani, wannan daga ina take, waccan shekara nawa take yi ba ta koɗe ba. Na ce in ya sa ta ranar Juma'a sai an tare shi a bakin masallaci an tambaye shi inda ya saya.

Ya ce, "Alawayyo dai za ka ba ni."

Na yi dariya. Na ce, "Haba Baba, babban mutum kamarka da alawayyo? Ko dai amarya za a yi ake ɓoye mana?"

Ya dafa teburin awo, ya sunkuyar da kai. A daidai nan Kawu ya dawo. Kallo ɗaya ya yi wa fuskar dattijon ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, wa aka rasa?"

"Uwar ɗiyana. Da asuba."

Sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kawu ya ture shaddojin gefe, ya jawo bandir ɗin alawayyo. Bai tambayi yadi nawa ba, ya auna likkafanin mace ya yanka, ya naɗe, ya miƙa mini. Ya ce in rufe shago, jana'iza za mu.

A Ƙofar Rini gidan yake. Ni na riƙe likkafanin a bayan babur har muka isa. A sahun ƙarshe na tsaya aka yi salla. Da aka dawo daga maƙabarta ana yi wa dattijon gaisuwa, na so in sulale, amma Kawu ya tura ni gaba. Dattijon ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Kun taho har nan? Allah shi yi maka albarka." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Kawu bai yi mini faɗa ba. Sai washegari muna buɗe shago ya ce, "Yadi kam ka san shi. Mutanen da ke sa shi ne ba ka sani ba tukuna."

Daga nan ya shiga jana duk inda za shi, suna, ɗaurin aure, gaisuwar mutuwa. Ya tura ni wurin wani malami maƙwabcinmu na koyi yadda ake yanka likkafanin namiji da na mace. Na zauna da teloli, na zauna da manoman shinkafa da ke shigowa gari bayan girbi, na fara gane lokacin da ake magana da lokacin da ake yin shiru a bar mai saye ya faɗi abin da ya kawo shi.

Ana gab da ƙaramar Salla dattijon ya dawo zai yi wa jikokinsa ɗinki. Ina hango shi na shige bayan kaya. Kawu ya ƙwala mini kira, ya ce in fito in sallame shi. Dattijon ya zaɓi atamfa da yadin yara, ya tambaye ni wanne ne ba ya zuba, na nuna masa. Bai ɗauko zancen ba, ni ma ban ɗauko ba, kuma har ya fita ban iya ɗaga ido na dube shi ba.