Malam Jumare da faifan da aka ara

Kullum da safe Malam Mika'ilu Jumare yakan turo kekensa daga Kwarbai, ya bi lunguna har ƙaramin asibitin masu amosanin jini da ke Kusfa. Kafin ya gaisa da kowa sai ya shiga ɗakin babbar kwamfuta ya kara kunne a jikinta. A cikinta ake ajiye bayanin kowane majinyaci: irin jininsa, da maganin da jikinsa ba ya karɓa. Yana sauraro ne ya ji ko faifan ajiyarta ya kwana lafiya.

Shi ya zaɓe ta tun farko. Lokacin da masu taimako suka ce a faɗi irin na'urar da ake so, 'yan kwamiti sun nace a kan mai faffaɗan gilashi, wadda baƙi za su gani su yaba. Malam Jumare ya ce aikin nan na ɗebo bayani ne, saurin faifai ake bukata, kuma faifan su zama biyu, duk abin da aka rubuta a ɗaya ya shiga ɗayan. Aka yi ta ja, daga ƙarshe aka bar masa. Rahmatu, ma'aikaciyar jinya, ta shaida cewa kafin uwa ta gama kwance goyo, bayanin ɗanta ya fito.

Sai kwamfutar wani babban mutum ta lalace, ya aiko a ara masa faifai ɗaya. Surukin shugaban kwamitin ne. A cikin birnin nan wa zai dubi idon suruki ya ce a'a? Aka kwance aka ba shi.

Malam Jumare, kai ne ka yi shekaru kana zarya a zauren Alhajin nan da ya ari faifan. Ka durƙusa ka gaishe shi, a yi hirar damina, ka tashi ba ka faɗi abin da ya kai ka ba, domin ba a tambayar babba abin da ya ara. Ana haka faifan da ya rage ya fara ƙara kamar tsohon keken ɗinki. Ran nan ka cire kunya.

"Ranka ya daɗe, faifan asibiti na zo karɓa."

"Au, wannan ƙarfen?" in ji Alhajin. "Ai ya daɗe da mutuwa. Ga shi can an tokare ƙofa da shi."

Tun daga ranar ake kiransa mara ta ido, wasu ma sun daina amsa gaisuwarsa. Abin yana ci masa rai, ni ma da nake aiki tare da shi yana ci mini.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ba a sayi wani faifan ba, ba a kuma ɗauki wanda zai maye gurbinsa ba. Da Rahmatu ta tambaye shi abin da za su yi ranar da na'urar ta ƙi tashi, sai ya juyo ya dube ta.

"Ku tambayi uwayen," ya ce. "Wata za ta tuna."

Mun gode, Malam, Allah ya saka maka da alheri. Mu kuwa da muka rage, in ran yaro na hannunmu, Allah ya sa mu iya buɗe baki a gaban babba tun ranar da ya aiko aro.