Malam Laminu bai sayar da irin wake ba

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Malam Laminu makwancinsa a Gidan Rumji. Duk shekara sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki alƙalami, in sake ajiyewa. Bana dai ƙafafuna sun fara gaya mini cewa ni ma tafiyar ba ta da nisa, don haka gara in faɗa tun bakina yana motsi.

Tare muka shiga lakol da shi, wato makarantar boko. Shi ya zarce har ya zama darektan makaranta, ni kuwa na tsere na kama fataucin hatsi. Bayan ya yi ritaya sai Allah ya sake haɗa mu a ƙungiyar manoman yankinmu, ni shugaba, shi sakatare. Mutum ne mai taurin kai irin na tsofaffin malamai. Ko biro ka ara a hannunsa, sai ya bi ka da ido har ka mayar da murfin.

Wata shekara wasu masu agaji suka ba mu kwamfuta da faifan sola, suka ce mu ɗauki wanda zai riƙa shigar da sunayen manoma. Matasa biyar suka zo, kowa da takardar shaidar koyon na'ura daga Maradi, da hatimi jajir a ƙasa. Malam bai ko buɗe takardun ba. Ya ce kowa ya zauna ya kunna na'urar, ya rubuta sunaye goma, ya adana, ya kashe, ya fita ya sha ruwa a randa, sannan ya dawo ya nemo abin da ya rubuta. Gwajin ke nan gaba ɗaya.

Wata yarinya daga Gidan Sori, Rakiya, ta yi ba gargada. Habu, ɗan yayata, ya rubuta sunayen da yatsa ɗaya, ya sha ruwa ya dawo, ya yi ta zufa bai same su ba. Kwana biyu kafin nan uwarsa ta zo gidana da kanta, ta kira ni da sunan da take kirana tun tana goya ni. A wajenmu kawu ba ya mayar da ɗan ƴar uwarsa hannu banza, kuma ni a lokacin wannan kunyar ta fi mini komai nauyi.

Na ja Malam gefe na ce takarda ai ba ta ƙarya, yaro zai koya a bakin aiki. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, kai da ko buhun hatsi ba ka saye sai ka soka hannu ciki, mi ya sa wanga za ka saye shi a ɗaure?" Na yi dariya, na ce shugaba ya yanke. Muka ɗauki Habu.

Gab da damina aka yi mana alkawarin irin wake mai saurin nuna, da sharaɗin mu miƙa sunayen magidanta a kan lokaci. Mako uku wakilan ƙauyuka suna zuwa a kan babur, suna karanto sunaye, Habu yana bugawa, su naɗe takardunsu su koma. Ashe kullum da safe sai ya goge na jiya, ya rubuta sabo a wurin. Ya ɗauka abin kamar allo ne, ana wankewa karatu yana nan a ka. Ranar da za a buga takarda, ƙauye ɗaya tak muka tarar. Kafin a sake bin wakilai gari gari, motar iri ta wuce wani yanki.

Ba na manta safiyar da aka yi ruwan shuka. Amalanke jere a ƙofar buro, wato ofishin ƙungiya, wasu tun daga Gidan Sori, kowa da buhunsa a naɗe. Haka suka juya da su. A taron da aka kira, wani dattijo ya tambaya laifin wa ne. Malam ya miƙe ya ce, "Ni ne sakatare, abin da anka yi cikin buro a wuyana yake." Ina zaune a kujerar gaba. Na sunkuyar da kai ina jan carbi, na bar shi tsaye shi kaɗai.

Malam ya ajiye aiki a makon. Ba a jima ba magana ta canza kama a kasuwa, aka ce ai sayar da irin ya yi a ƙetaren iyaka. Na ji da kunnena a rumfar mai shayi, na kurɓi shayina na tashi. Shekara biyu ya yi bayan nan, yana zuwa masallaci yana komawa gida, gaisuwar mutane tana raguwa. Da ya kwanta ciwo na je duba shi sau uku, kowane zuwa da niyyar neman gafara, kowane zuwa sai mu ɓige da hirar lakol. Bai taɓa tayar da zancen ba, kuma wannan shirun nasa ya fi zagi yi mini ciwo.

Yau kusan duk inda za a ɗauki ma'aikacin buro sai an zaunar da shi gaban na'ura an gani. Abin da aka kira taurin kan Malam ya zama ƙa'ida. Da yana raye na san ba zai yi murna da wuri ba. Zai dubi jikokinmu da ke shafa waya yini guda suna cewa sun iya kwamfuta, ya ce a ba su sunaye goma a tura su randa. Habu yanzu dillalin awaki ne, kuma ya iya, ba ya sayen akuya bai buɗe bakinta ba. Rakiya ta sami aiki a wani buro a Agye, na ji an ce ita ke gwada sababbi.

An ce da na sani ƙeya ce. Malam bai bar gida mai bene ba, ya bar ɗalibai, da ƴaƴa huɗu waɗanda har yau in an yi zancen irin nan sai su sunkuyar da kai. Saboda su na rubuta wannan, da mutanen da suka koma da buhuna wayam a damanar nan. Malam Laminu bai sayar da ƙwayar wake ɗaya ba. Ya yi gwaji, gwajin ya faɗi gaskiya, ni na take ta saboda ɗan yayata, kuma na bar shi ya mutu da kayana a kansa.

Allah ya haskaka kabarinka, Laminu. Ranar Lahadi mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan tsaya a rumfar mai shayin nan in karanta wannan da bakina.