Yaren da Babu "Da Sauƙi" a Cikinsa

A asibitin Anka na tsani kalmar "da sauƙi". Ɗana yana kwance, gubar dalma ta kama shi tun daga ƙauyenmu Duza, inda ake daka dutsen zinari a tsakar gida, a turmin da muke surfe. Likitocin mata biyu ne, Turawan Holan. Su duba shi, su yi magana da yarensu a bakin gado, su ja tafinta ƙofa su yi masa Turanci. Shi kuma ya dawo yana murza hannu: "Sun ce da sauƙi."

Kullum da sauƙi! Yaro na fizge-fizge, ido ya kafe, wai da sauƙi. Ba mugu ba ne tafintan, Bahaushe ne kawai, bakinsa ba ya iya ɗaukar wata amsa. Ni kuwa uban yaron yana ramin haƙar zinari a dajin Bukkuyum, kuma ya ce in jiki ya tsananta in kira shi. To ta yaya zan sani?

Wata ma'aikaciyar jinya, Kirista daga kudancin Kaduna, ta sauke mini darasin yaren Holan a waya, tana dariya. Ni ban yi dariya ba. Wannan yare, Allah ya isa! Magana daga maƙogwaro kamar mai kakin majina. Wani abu a ce masa "de", wani "het", babu dalili. Inna, mahaifiyata, tana gefe tana cewa, "Ke, mi ya same ki? Aljanu?" Na bar ta. Na haddace "goed", mai kyau. "Niet", ba haka ba. "Bloed", jini. "Vader", uba. Sakandaren da na yi a Gummi ban taɓa karatu da zafin rai irin wannan ba.

Wata safiya babbar likitar ta ɗaga fatar idon yaron, ta ce wa 'yar'uwarta, "Niet goed." Sauran maganar ta wuce ni, amma na tsinci "vader" a ciki. Tafinta ya taho yana murza hannu. Na ce, "Riƙe abinka."

Na kira uban. Ya ce, "Ya jikin yaron?" Na ce, "Babu sauƙi. Taho yanzu."

Inna ta buge mini baki, ta ce ba a faɗin haka, mugun fata ne. Matan gadajen kusa suka hau salati kamar na yi saɓo.

Ya iso da la'asar a bayan babur, jar ƙasa har gira. A cinyarsa yaron ya cika.

Har yau a Duza akwai masu cewa bakina ya kashe shi, kuma suna daka dutsen nan suna faɗi. Su faɗa. Ubansa dai ya riƙe shi da rai.