Neman Direban Wayar Inna

Laraba: Fakuwa zuwa Kankia

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na fito daga masallaci, na tarar da mahaifiyata, Inna Hajo, zaune a bakin zaure ta yafa mayafi, da kwanon sha mai murfi a cinyarta. Niyyata in je Kankia ni kaɗai in dawo kafin azahar, amma ta ce ba a kai wayarta wani gari ba ta wurin. Wayar tana cikin kwanon, an naɗe ta da ɗankwali biyu saboda damina.

Marigayi Baba ne ya sayar da rago ya saya mata ita shekara bakwai da suka wuce, don ta riƙa ganin ƙanwata Rabi da aure ya kai Fatakwal. Ko ƙwarzane babu a gilashinta. Sai a watan jiya manhajar da suke kiran juna da ita ta fara nuna rubutu, wai tsarin wayar ya tsufa, a sabunta shi. Na danna wurin sabuntawa, wayar ta ce ita babu wani sabo da ya rage mata. Haka suka yi ta musu a tsakaninsu har ranar Lahadi manhajar ta ƙi buɗewa gaba ɗaya. Ranar Litinin Rabi ta haifi ɗa namiji, haihuwarta ta fari bayan shekara takwas da aure. Ta 'yar ƙaramar wayata mai tocila Inna ta ji kukan jaririn, amma ba ta gan shi ba, kuma ta rantse ba za ta je ta leƙa jikanta a wayar maƙwabta ba.

Babura biyu muka ɗauka. Gero ya fi mutum tsawo hagu da dama, hanya kuma duk taɓo. Na tambayi Lawal, wanda ya goya ni, kilomita nawa ne zuwa Kankia. Ya ce agogon babur ɗinsa ya tsaya tun mai yana arha, shi dai ya san lita guda tana kai shi ta dawo da shi. Shida da minti goma muka sauka a bakin tasha.

Kankia

Masu gyaran waya ba su san asuba ba. Muka sha koko da ƙosai, muka zauna a kan benci har tara saura kwata, sannan Ɗanlami ya zo ya buɗe rumfarsa. Shi ne wanda kowa ya nuna mana. Teburinsa cike yake da fasassun wayoyi, Inna ta tambaye shi na su wane ne waɗannan. Ya ce waɗanda ba su tashi ba ne. Ta ƙara rungume kwanonta.

Da ƙyar ta ba shi. Ya juya wayar, ya danna nan ya danna can, ya ce lafiyarta lau, kamfanin da ya yi ta ne ya daina kula da ita. Haka suke yi, in ji shi: 'yan shekaru suke aiko da sabuntawa, da sun fitar da sababbin wayoyi sai su manta da tsofaffin. Ya ciro wata sabuwa daga kwali, ya ba da shawara a bar masa wannan, a yi ciko a ɗauke ta.

Inna ta dube shi sama da ƙasa. "Kai yaro, da uwarka ta haifi ƙanenka, daina ba ka tuwo ta yi?"

Ɗanlami ya yi dariya, ya mayar da sabuwar wayar cikin kwalinta. Ya ce to akwai wata hanya. Akwai wani tsari da jama'a suka haɗa kyauta, wanda ake ɗora wa tsofaffin wayoyi su koma kamar sababbi, kuma ya iya ɗorawa. Na sa ya fara kwashe hotuna da saƙonnin muryar Baba ya zuba a katin ajiya na waya, wannan ne kaɗai wayon da na yi a tafiyar. Ya tayar da janareta, ya jona wayar da kwamfuta, muka zauna awa biyu muna shaƙar hayaƙi.

Sha ɗaya da rabi wayar ta farka da sabuwar fuska, manhajar nan da ta yi yaji ta buɗe. Inna ta sa wa Ɗanlami albarka har da iyayensa. Sai na ce bari in gwada kira daga tawa. Wayar ba ta yi ƙara ba, tocilarta ce ta hau walƙiya. Inna ta ɗauka ta kara a kunne, ni ina jin ta tana cewa wa ke magana, ita ba ta jin komai. Aka buɗe kyamara, ta nuna kore, sannan ta yi baƙi ƙirin. Ɗanlami ya sosa ƙeya ya ce matsalar direba ce. Na ce to ya mayar da ita yadda take. Ya ƙara sosa ƙeya ya ce tsohon tsarin bai ajiye ba, amma a Kusada akwai Injiniya, can ya koyi aikin. Bai karɓi ko kwabo ba. Inna ta naɗe wayarta, ta gaya masa albarkar da ta sa masa ta ɗan ajiye ta tukuna.

Hanyar Kusada

Sha biyu da minti ashirin muka shiga wata ƙaramar mota, mu shida da buhun taki biyu. Wata mata 'yar Tafashiya da ke kusa da Inna ta tambaye ta ko biki za ta. Inna ta ce ina biki, direba ne ya lalata mata waya, ga shi ba ta ga jikanta ba. Ta faɗa da ƙarfi, kamar yadda take faɗin komai.

Direban motar, wani dattijo mai suna Malam Isiya, ya rage gudu. Ya ce shekara ashirin yana bin hanyar nan, bai taɓa taɓa wayar fasinja ba, kuma in wani ne ya yi, a faɗi sunansa da tasharsa. Na yi ƙoƙarin kashe wutar, na ce ba irinsa ake nufi ba, wani direba ne da ke cikin wayar. Ni kaina ban san abin da nake faɗa ba. Sai ya tambaye ni ko shi wannan direban yana cikin ƙungiya.

A shingen da ke kan hanya wani jami'i ya leƙo ya ce Hajiya ta buɗe kwano. Daga yadda ya gyara tsayuwa na san dambu yake sa rai. Inna ta cire murfi, ta warware ɗankwali na farko, ta warware na biyu. Daidai lokacin wani ya kira, tocila ta haska masa fuska da rana tsaka. Na ba shi labari a taƙaice. Ashe wayar matarsa ma rubutun nan take nunawa. Ya ciro biro ya rubuta "Injiniya Kusada" a tafin hannunsa, ya ɗaga mana katako.

Kusada

Biyu saura ashirin da biyar muka isa. Muka yi salla, muka ci shinkafa da wake a bakin kasuwa, aka kwatanta mana wani gida mai farantin sola a kan rufi. A zaure muka sami wata mata da ba ta wuce shekara talatin ba, tana zaune gaban kwamfuta. Na gaishe ta na ce maigidan muke nema. Ta ce maigidan yana gona, in kuwa waya ce, mu zauna. Sunanta Zainab, ita ce Injiniya. Inna ta harare ni kamar ita ta san da haka tun daga gida.

Ta jona wayar, ta karanta wasu rubuce-rubuce, ta ce Ɗanlami bai taɓa sauraren darasi har ƙarshe ba. Sannan ta juya ga Inna, ba ni ba, ta yi mata bayani. Kowane sashe na waya, lasifika da kyamara da gilashi, yana da ɗan rubutun da ke gaya wa wayar yadda za ta tuƙa shi, shi ake kira direba. Wasu masu ƙera sassan suna bayyana nasu rubutun, kowa ya karanta ya gyara. Wasu kuwa suna kulle nasu, su kaɗai suka san abin da ke ciki. In kamfani ya daina kula da waya, buɗaɗɗen direba wasu suna ɗauka su ci gaba da shi. Kullallen kuwa da tsohon tsarin kawai yake jituwa, in an canza tsarin ya tsaya cik.

Inna ta ce ta gane. A Fakuwa an yi wata tsohuwa, Goggo Dije, mai maganin ciwon kunne da babu irinsa. Har ɗiyarta ta ciki ta ƙi gaya wa ganyen da take haɗawa. Ranar da ta rasu maganin ya bi ta, shekara ta zagayo ɗiyar ta yi ciwon kunne sai asibiti aka kai ta.

"Shi ke nan, Inna," in ji Zainab. "Wanda ya ƙera kyamarar nan Goggo Dije ne."

Direban lasifika kuwa, in ji ta, a buɗe yake, Ɗanlami ne ya ɗora wanda ba nata ba. Ta ce akwai wasu mutane a ƙasashe daban-daban, ba ta taɓa ganin ko ɗayansu ba, da har yau suke gyara tsarin irin wannan wayar. Inna ta tambayi wa ke biyansu. Ta ce babu, sai wanda ya ga dama ya taimaka. Inna ta ce in sun yi magana ta gaishe su.

Matsalar ita ce abin da za a sauko da shi babba ne, hadari ya taso, sabis yana rarrafe. Sai dai a bar wayar ta kwana. Inna ta daɗe tana kallonta, ta tambaye ta ita ɗiyar wane gida ce, wa ya haifi uwarta. Da ta gamsu ta miƙa wayar, amma da sharaɗin a cikin kwanon za ta kwana.

Bauranya

Babur ya kai mu Bauranya bayan la'asar, gidan Goggo Abu, ɗiyar ƙanen mahaifin Inna. Ruwa ya sauko muna shiga. Aka dama mana fura da nonon da makiyayan gefen gari suka kawo, bayan magariba kuma tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa. Sau uku na ga Inna ta kai hannu gefen zaninta tana laluben waya. Da Goggo Abu ta ji abin da ya kawo mu, ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin madara, wayoyi huɗu na mijinta a ciki, duk babu wadda ta fashe. Ta ce in tafi da su wurin yarinyar nan ko da mai sauran kwana.

Alhamis: Kusada zuwa gida

Takwas da rabi muna zauren Zainab. Ta buɗe kwanon da kanta, ta danna wani abu, sai ga muryar Baba ta cika zauren, wani tsohon saƙo yana tambaya ko an ɗaure awaki. Inna ta gyara mayafinta. Zainab ta bari ya ƙare sannan ta yi magana.

Ta ce zaɓi biyu ne. Tana iya nemo tsohon tsarin ta mayar, kyamara ta dawo, amma manhajar ba za ta buɗe ba, kuma duk ƙofar da ɓarayin waya suka gano a cikinsa babu mai toshewa. Ko a bar ta a sabon, komai yana aiki ban da kyamara, ita kam ta gwada duk dabarar da ta sani.

"Zan ga yaron?" in ji Inna.

"Za ki gan shi sarai. Su ne ba za su gan ki ba."

"Ai sun san kamannina. Bar ta hakanan."

Na tambayi shekara nawa wannan gyaran zai kai mu. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, iyakar lokacin da mutanen nan suka ci gaba da kula da ita ne. Ta ce duk ranar da zan sayi wata, in bar tambayar kyamara nawa gare ta, in tambayi shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin sabuntawa, kuma ko yana bari a canza mata tsari. A wayoyin Goggo Abu ta ce biyu za su tashi, biyun kuwa komai nasu a kulle yake. Na biya abin da ta yanka, Inna ta ɗora mata ƙullin daddawa biyu. Zainab ta ce a kira Rabi a gwada, Inna ta ce a'a, a ɗakinta za ta fara ganin jikanta.

A tasha motar Malam Isiya ce a layi. Yana ganinmu ya tambaya ko an samo direban. Inna ta ce an sako ɗaya, ɗayan yana kulle. Ya ce Allah ya fid da shi. A Kankia ta sa mai babur ya tsaya a rumfar Ɗanlami, ta mayar masa da albarkarsa, ta ce kuma ya koma makaranta.

Fakuwa

Uku saura minti goma muka shiga gida. Inna ta wanke ƙafa, ta yi salla, ta zauna bakin gado ta ce in kira. Bugu biyu Rabi ta ɗauka, ta ce duhu kawai take gani, ko mun rufe kyamarar da yatsa. Inna ta ce ta bar surutu ta nuna yaro. Sai ga shi, ja wur, ya dunƙule hannu, yana hamma. Inna ta matso da wayar har tana taɓa hancinta. Ta ce goshin na Malam ne, wato Baba, kunnuwan kuwa Allah ya sa ya girma ya cike su. Daga nan maganarta ta tsaya. Hawaye suna bin kumatunta suna ɗiga a kan mayafi.

"Inna, kuka kike yi?" in ji Rabi.

"Kukan me? Kin gan ni ne?"

Ta juyo ta zuba mini ido, na mayar da kallona ga rufin ɗaki.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Zainab, da Goggo Abu da ta sauke mu, da Malam Isiya da ya yi haƙuri, da Ɗanlami da ya san inda iyawarsa ta tsaya ko da a makare, da mutanen nan da ban san sunansu ba waɗanda ke kula da wayar tsohuwa a Fakuwa. Ke kuma Rabi, in wannan rubutun ya zo hannunki, ba daga bakina kika ji ba.