Ludayin Azurfa a Ƙwaryar Nono

Ko tsufa ya ɗauke mini komai, wannan Asabar ɗin ba za ta fita daga raina ba. Shekarar da ruwa ya ƙi sauka ce, cikin shekarun saba'in, ina sabuwar malama a wata makarantar mishan kusa da Kafanchan. Akwai wani Bature da muke koyarwa tare, ba shi da abin so kamar tsofaffin cokula da butocin shayi na azurfa irin na ƙasarsu. Tara su kawai yake yi.

Na raka shi kasuwa don in yi masa tafinta. Bayan tashar jirgi, a gindin mangwaro, wata tsohuwar Bafulatana tana dama fura, sai na ga ya tsaya cak. Ludayin hannunta ba na duma ba ne. Yana nutsewa cikin nono, ya fito yana ƙyalli kamar wata ya faɗo ƙwarya. Da na sunkuya, na ga fuskata a cikinsa, da ganyen mangwaro, da duwatsun Kagoro, duka a kife. Har yau nakan ga wannan a mafarki.

Ya karɓa, ya nuna mini wani ɗan mitsitsin tambarin zaki a bayan mariƙin. Ya ce an ƙera shi tun kafin a haifi kakansa.

"Inna, ina kika samo wannan?"

"Na uwata ne, Malama. Matar wani Baturen reluwe ta haihu, nono ya ƙi zuwa. Uwata ta shayar da yaron tare da ni. Ranar da za su tafi, matar ta ba ta wannan tana kuka."

Baturen ya ce zai saya, ta faɗi duk abin da take so. Ta daɗe tana shafa mariƙin. Shanunsu uku sun mutu a watan nan, ta ce, sauran ma ƙashi ne da fata. Ni kaina addu'a nake yi a zuci ta sayar.

"Me zai sha da shi?"

Na ce ba zai sha komai ba, a kabad mai gilashi zai ajiye shi, a riƙa kallo.

"Wayyo. Shi kaɗai, ba nono?"

Ta wanke ludayin, ta cika shi da fura, ta miƙa wa Baturen da hannu biyu. Ya shanye a tsugune, da ƙafar wandonsa cikin ƙasa.

"Ki gaya masa duk ranar da ya yi marmari, ya zo ya sha."

Sau biyu muka koma. A na uku aka ce sun tashi da shanunsu sun yi kudu neman ciyawa.

A lokacin na ɗauka wauta ta yi. Sai da na rasa tawa uwar na gane cewa akwai abin da ko yunwa ta zo, mutum ba ya iya sayarwa, sai dai ya ba ka ka sha a ciki.